NDM-1

NDM-1 wani sinadari ne da wasu ƙwayoyin bakteriya ke samarwa. Aikinsa shi ne lalata magungunan rukunin kabafenem, waɗanda likitoci ba sa taɓawa sai cuta ta gagari sauran magunguna. An fara gano shi a 2008 a Suwidin, cikin ƙwayar Klebsiella pneumoniae da aka samu a jikin wani majinyaci da ya taɓa kwanciya a asibiti a New Delhi ta Indiya. Daga sunan birnin ne aka raɗa masa suna.

Ƙwayar halittar da ke sa a samar da NDM-1 galibi tana zaune ne a kan filasmid, wani ɗan zoben DNA da ke cikin bakteriya. Idan ƙwayoyi biyu suka manne da juna, ɗaya kan miƙa wa ɗayar kwafin zoben, ko da jinsinsu daban ne. Ta haka taurin kan Klebsiella ga magani ke isa ga ƙwayar E. coli.

A asibiti kuwa, ƙwayoyin kan bi hannun ma'aikacin da bai wanke ba, ko robar fitsari, ko na'urar taimaka wa numfashi, su koma kan wani majinyacin. Shan magani barkatai yana kashe raunana, ya bar wa masu taurin kai fili.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya bakteriyar hanji masu bijire wa kabafenem a sahun farko na waɗanda ake buƙatar sabon magani dominsu cikin gaggawa.