Aikin Hannu a Makarantun Katolika Ya Girmi Dokar 1988

Dokar ilimi ta 1988 ce ta wajabta darasin fasaha a makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a Ingila, har da firamaren Katolika, aka soma koyar da shi a 1990. Amma kuskure ne a ɗauka cewa dokar ce ta shigar da zarto da allura ajin Katolika. Tun 1853 Don Bosco, limamin coci a Turin ta Italiya, ya buɗe wa yaran da ya tara a unguwar Valdocco wurin koyon ɗinkin takalma da na tufafi. Ɗaurin littattafai ya biyo baya a 1854, aikin kafinta a 1856, sannan maɗaba'a. A Ingila kuwa, wata ƙa'ida ta 1862 ta ɗora tallafin gwamnati a kan sharaɗin koya wa 'yan mata ɗinki, kuma makarantun Katolika masu neman kuɗin sun bi.

Wani zai ce ai wancan sana'a ce ta ɗan talaka, don ya ci abinci, alhali darasin yau yana son yaro ya zana abu da tunaninsa, ya ƙera, ya gwada, ya gyara. Akwai gaskiya a nan, musamman kan ɗinkin da aka keɓe wa mata kaɗai. Sai dai Bosco bai raba wurin koyon sana'a da aji ba. Almajiransa suna koyon karatu da lissafi da dare. Abin da dokar 1988 ta sauya shi ne masu koyo, domin ta sa ɗan likita da ɗan lebura, mace da namiji, duk sai sun riƙe almakashi.