Parvovirus na karnuka

Parvovirus na karnuka, wanda ake taƙaita sunansa da CPV-2, ƙwayar cuta ce nau'in bairas daga dangin Parvoviridae. Tana haddasa amai da gudawa mai jini da bushewar ruwan jiki, kuma ta fi kashe 'yan kwikwiyo. Tana yaɗuwa ta hanyar kashin karen da ya kamu, kuma takan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba.

Tarihi

An gano cutar a shekarar 1978, lokacin da ta bazu a duniya cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Tana da kusanci sosai da bairas ɗin panleukopenia na kuliyoyi. Masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suna cikin waɗanda suka fara samar da allurar rigakafinta.

Nau'o'i

Ƙwayar halittar bairas ɗin DNA ce mai zare ɗaya, kuma tana sauyawa da sauri. Nau'in CPV-2a ya ɓullo a wajajen 1979, ya maye gurbin na asali. CPV-2b ya biyo baya a wajajen 1984, sannan aka gano CPV-2c a Italiya a 2000. Ana bambanta ukun ne da amino asid ɗin da ke gurbi na 426 a furotin VP2 na ɓawon bairas ɗin: asparagine a 2a, aspartic asid a 2b, glutamic asid a 2c. Nau'in asali ba ya kama kuliyoyi, amma sababbin suna kama su. Bincike a Najeriya ya nuna samuwar 2a da 2c.

Rigakafi

Yawancin alluran rigakafi an yi su ne da bairas mai rai da aka raunana, daga nau'in asali ko 2b. Ɓullar 2c ta jawo muhawara kan ko suna ba da cikakkiyar kariya, sai dai gwaje-gwaje da dama sun nuna suna kare karnuka daga nau'o'in uku.

Babban abin da ke sa allura ta gaza shi ne garkuwar da kwikwiyo ya samu daga dakashin uwarsa, domin takan kashe bairas ɗin allurar kafin jiki ya gina tasa garkuwar. Rashin ajiye allura a sanyi ma yana lalata ta. Shi ya sa ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta ba da shawarar fara allura a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk mako 2 zuwa 4 har kwikwiyo ya kai mako 16 ko fiye.