Yadda birnin Sevilla ya shimfiɗa hanyoyin keke

Birnin Sevilla da ke kudancin ƙasar Sifaniya na daga cikin biranen da masana tsara birane kan ba da misali da su a duk lokacin da aka tabo batun hanyoyin keke. Tsakanin shekarar 2006 da ta 2010 hukumomin birnin suka shimfiɗa kimanin kilomita 120 na hanyoyin da aka keɓe wa masu hawa keke, a garin da kafin wannan lokaci ɗalibai da 'yan tsirarun masu ƙarfin hali ne kaɗai ke kutsawa cikin motoci a kan keke.

Sevilla dai ita ce hedkwatar yankin Andalusiya, kuma tana da mazauna kimanin 700,000. Ita ce garin da malaman tarihin Musulunci ke kira Ishbiliya. Hasumiyar Giralda, wadda aka kammala a shekarar 1198 a matsayin hasumiyar babban masallacin garin a zamanin Almuwahhidun, tana nan tsaye a tsakiyarsa har yau. Garin yana shimfiɗe ne a kan fili a bakin kogin Guadalquivir, babu tudu babu kwari, kuma ruwan sama bai cika yawa ba. Wannan ya dace da keke. Abin da bai dace ba shi ne zafi, domin a watannin Yuli da Agusta ma'aunin zafi kan haura 40, lamarin da ya sa mutane da yawa suka daɗe suna ganin cewa keke na mutanen Holand ne da Denmark.

Yadda aka faro

Tun a shekarar 1987 aka kafa wata ƙungiyar masu hawa keke mai suna A Contramano, wadda ta shafe kusan shekaru 20 tana kiraye-kiraye ba tare da wani sakamako na a zo a gani ba. Ya zuwa shekarar 2005, abin da birnin ke da shi bai wuce kimanin kilomita 12 ba, kuma guntu-guntu ne: hanya ta faro a nan, ta ƙare a can gaban wata mahaɗa, ta bar mai keke a tsakiyar motoci.

Sauyin ya zo ne ta hanyar siyasa. A zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2003 jam'iyyar 'yan gurguzu ta PSOE ba ta sami rinjayen da za ta yi mulki ita kaɗai ba, sai ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar Izquierda Unida ta masu ra'ayin kawo sauyi. Magajin gari, Alfredo Sánchez Monteseirín, ya ci gaba da riƙe muƙaminsa, ita kuwa ƙaramar jam'iyyar ta sanya batun hanyoyin keke cikin abubuwan da ta nema. Kazalika a tarurrukan unguwanni da aka ɓullo da su a wancan lokaci, inda mazauna gari ke zaɓen ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kasafin kuɗi, hanyoyin keke sun sami goyon baya mai yawa.

Dabarar aikin

Muhimmin abin da ya bambanta Sevilla da sauran birane shi ne shawarar da aka yanke ta gina hanyoyin gaba ɗaya a tashi guda, maimakon a riƙa yin kilomita biyu bana, uku baɗi. Hujjar masu tsarin ita ce, hanyar keke ba ta da amfani sai ta haɗu da 'yar'uwarta. Mutumin da zai tafi wurin aiki ba ya auna tafiyarsa da wurin da ya fi daɗi, yana auna ta ne da wurin da ya fi haɗari. Idan akwai shataletale guda ɗaya a hanyarsa da zai tilasta masa shiga tsakanin manyan motoci, to zai bar kekensa a gida ko da sauran hanyar shimfiɗaɗɗiya ce.

Saboda haka aka zana taswirar da ta haɗa manyan unguwanni da jami'a da asibitoci da tashoshin mota da na jirgin ƙasa, aka raba aikin ga 'yan kwangila daban-daban, suka kama a lokaci guda. Zuwa ƙarshen shekarar 2007 an kammala kusan kilomita 80. Gaggawar tana da nasaba da zaɓen watan Mayun wannan shekara, domin masu aikin sun san cewa abin da aka riga aka gina ya fi wuyar rushewa a kan abin da ke rubuce a takarda.

An kuma yi wa hanyoyin fasali iri ɗaya a ko'ina. Faɗin kowace kimanin mita biyu da rabi ne, ana tafiya da dawowa a kanta, an shafe ta da koren fenti yadda ko baƙo zai gane ta. A wurare da dama an ɗaga ta daidai da dakalin masu tafiya a ƙafa, inda kuwa ta kasance daidai da kwalta sai a raba ta da motoci da ƙaramin shinge. Zanen layi kawai da farin fenti, wanda birane da yawa suka gwada, ba a amince da shi ba, domin direba kan taka layi amma ba ya hawa shinge.

Filin da aka yi amfani da shi, akasarinsa daga motoci aka karɓo. An soke wuraren ajiye motoci kimanin 5,000 a gefen tituna, an kuma rage faɗin wasu layukan. A nan ne aka sha fama da masu shaguna da mazauna unguwanni da suka saba ajiye mota a ƙofar gida. A cikin tsohon gari kuwa, inda lunguna suka yi ƙunci, ba a yi yunƙurin cusa hanyoyin ba. An kewaye shi ne ta babban titin da ya bi sawun tsohuwar ganuwar da aka gina a ƙarni na 12, aka kuma rushe mafi yawanta a ƙarni na 19. Daga ciki sai aka taƙaita zirga-zirgar motoci. A shekarar 2007 aka rufe musu titin Avenida de la Constitución da ya ratsa ta gaban babbar majami'ar garin, aka bar shi ga masu ƙafa da masu keke da ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari.

A watan Yulin wannan shekara ne kuma aka ƙaddamar da shirin hayar kekuna mai suna Sevici, wanda kamfanin JCDecaux na Faransa ke gudanarwa, kuma daga baya ya kai kekuna kimanin 2,500 a tashoshi kusan 250. Ya ba wa dubban mutane damar gwadawa kafin su sayi nasu.

Sakamako da kuɗin da aka kashe

Ƙididdigar masu bincike a Jami'ar Sevilla ta nuna cewa tafiye-tafiyen da ake yi a kan keke a ranar aiki sun tashi daga kimanin 13,000 a shekarar 2006 zuwa fiye da 70,000 a shekarar 2011. Haɗarin da ke tattare da kowace tafiya ya ragu ƙwarai. Mata ma sun ƙaru, har suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mahaya, abin da masana kan ɗauka a matsayin alamar cewa jama'a sun yarda da amincin hanya.

Aikin ya ci kimanin Euro miliyan 32. Layin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, mai tsawon kilomita 18, wanda aka buɗe a watan Afrilun 2009, ya ci fiye da Euro miliyan 600. Magoya bayan keke kan so wannan kwatance, kodayake ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba, tun da jirgin na ɗauko mutane ne daga garuruwan da keke ba zai kai su cikin sauƙi ba.

A shekarar 2011 Sevilla ta karɓi baƙuncin babban taron duniya kan keke na Velo-city.

Inda aka tsaya

To sai dai daga wannan shekara abubuwa suka fara ja da baya. Jam'iyyar PP ta masu ra'ayin riƙau ta lashe zaɓe, Juan Ignacio Zoido ya zama magajin gari, kuma matsalar tattalin arzikin da ta faɗa wa Sifaniya tun shekarar 2008 ta ƙafar da kuɗin da ake samu daga harkar gine-gine. Sabuwar gwamnatin ba ta rushe hanyoyin ba, amma an rufe ofishin da ke kula da su, gyara ya ragu, yawan mahaya kuma ya daina ƙaruwa, har ya ɗan sauka.

Ba siyasa kaɗai ce ta jawo hakan ba. Gaggawar da aka yi ta bar tabo: a wasu wurare hanyar kan yi kwana mai kaifi don kauce wa itace ko tashar bas, a wasu kuma tana gogayya da masu tafiya a ƙafa. Faɗin da ya wadatar a farko ya zama ƙunci da jama'a suka yi yawa, ballantana da ƙananan babura masu aiki da batir suka shigo daga baya. Ga kuma satar kekuna. Mafi yawan mazauna Sevilla suna zaune ne a gidajen bene, kuma wanda ba shi da amintaccen wurin ajiya a gida da wurin aiki, hanya mai kyau ba ta warware masa matsala.

Akwai kuma batun kewayen gari. Birnin da garuruwan da ke kewaye da shi sun ƙunshi mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi, da yawansu kuma suna shigowa aiki ne da mota daga yankin Aljarafe da ke kan tudu a yammacin kogi. Gwamnatin Andalusiya ta fitar da wani shiri na shekarun 2014 zuwa 2020 domin haɗa irin waɗannan garuruwa, amma kaɗan daga cikinsa aka aiwatar. A tashar bas ta Plaza de Armas dai an ɓullo da wani tsari tun shekarar 2006, inda fasinjan da ya shigo daga wajen gari da katin bas zai ari keke kyauta, ya mayar da shi kafin tsakar dare.