Wasan Sabulu da Masu Kallonsa: Tarihin Wata Doguwar Hulɗa a Amurka

Masana adabin baka sun daɗe da lura cewa tsohuwar da ke yi wa jikokinta tatsuniya ba ita kaɗai ke ba da labarin ba. Yaran da suka kewaye ta suna taya ta da dariya da tsaki da tambaya, ita kuwa tana duban fuskokinsu, in ta ga sun fara hamma sai ta yi maza ta jefa Gizo cikin wani sabon rikici. Abin da muke son bibiya a wannan 'yar maƙala shi ne yadda irin wannan hulɗa ta sake ɓulla a wata ƙasa mai nisa, tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗa ido ba, wato marubutan wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake watsawa da rana a Amurka, da kuma miliyoyin mutane, galibinsu mata, waɗanda suka shafe shekara da shekaru suna bin waɗannan wasanni kullum daga Litinin zuwa Juma'a.

A gidan rediyo aka haifi wannan nau'i na wasa. A shekarar 1930 wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Irna Phillips ta fara rubuta wa tashar WGN ta birnin Shikago wani shiri na minti 15 mai suna Painted Dreams, labarin wata uwa da 'yarta da harkokin gidansu na yau da kullum. Ba a daɗe ba masu sayar da kayan wanki suka gane cewa a daidai lokacin da ake watsa irin wannan shiri mazan gida suna wurin aiki, yara suna makaranta, uwargida ce kaɗai ke kusa da akwatin rediyo, kuma ita ce mai zuwa cefane. Kamfanin Procter & Gamble ya shiga harkar gadan-gadan, ya ɗauki nauyin shirin Ma Perkins a 1933 domin tallar garin sabulunsa mai suna Oxydol. Daga nan ne 'yan jarida suka laƙaba wa waɗannan wasanni wani suna na ba'a da ke nufin wasan sabulu, sunan kuwa ya bi su har yau. Ya zuwa 1940 akwai fiye da 50 daga cikinsu da ake watsawa a kowace ranar aiki.

Tun a wannan zamani ne aka fara ganin abubuwan mamaki daga masu sauraro. In aka ɗaura wa wata tauraruwar labari aure, sai gidan rediyo ya cika da kayan gudummawa. In ta haihu, sai a aiko da rigunan jarirai da huluna waɗanda aka saƙa da hannu. Marubucin nan James Thurber ya yi wa wannan ɗabi'a shaguɓe a jerin maƙalun da ya buga a mujallar New Yorker a 1948. Ita kuwa Ma Perkins, wadda masu sauraro suka sani a matsayin dattijuwa mai hikima da mijinta ya rasu ya bar ta da sana'ar katako, wata budurwa ce 'yar shekara 23 mai suna Virginia Payne ta fara ara mata murya, kuma ita ta ci gaba da yi har aka rufe shirin a 1960. Don kada a ɓata wa masu sauraro hoton da suka zana a zukatansu, duk lokacin da za ta bayyana a gaban jama'a sai a sa mata gashin aro mai furfura da tabarau. Da marubutan shirin suka kashe ɗan Ma Perkins a fagen Yaƙin Duniya na Biyu, wasiƙun ƙorafi suka yi ta kwarara, domin da yawa daga cikin masu rubuto su suna da nasu 'ya'yan a bakin daga, ba su kuma kunna rediyo don a tuna musu da abin da ke hana su barci ba.

Masu ilimi na wancan lokaci sun kasu biyu a kan al'amarin. A 1942 wani likitan ƙwaƙwalwa na birnin Niyok, Louis Berg, ya ƙaddamar da yaƙi a kan waɗannan shirye-shirye, yana cewa suna haddasa bugun zuciya da hawan jini da fargaba. Daga baya ta bayyana cewa babban ma'auninsa shi ne jikinsa: yakan zauna ya saurari shirin yana auna bugun jijiyarsa. Herta Herzog, wata masaniya haifaffiyar Ostiriya da ke aiki a ofishin binciken rediyo na Jami'ar Kolambiya, ita ce ta yi abin da ya kamata a yi tun farko, wato ta je ta tambayi matan da kansu. A rubuce-rubucenta na 1941 da 1944 ta nuna cewa wasu suna saurare ne don su sami damar zubar da hawayen da suka daɗe suna riƙewa, wasu don su ɗanɗani rayuwar da ba su samu ba, wasu kuma don neman shawara kan zama da miji da tarbiyyar yara. A wani ƙiyasi da ta yi amfani da shi na mata kimanin 2,500 a jihar Ayowa, kashi 41 cikin 100 sun ce shirye-shiryen sun taimake su wajen warware matsalolinsu. Ita kanta Herzog ba ta gamsu da ingancin shawarar da suke samu ba, amma dai ta ɗauke su a matsayin mutane masu dalili, abin da 'yan ba'a ba su yi ba.

Da wasannin suka ƙaura zuwa talabijin, inda Guiding Light ya shiga a 1952, As the World Turns da The Edge of Night kuma suka fara a rana ɗaya a watan Afrilu na 1956, sai shaƙuwar ta ƙara ƙarfi, tunda yanzu akwai fuska bayan murya. A watan Fabrairu na 1961 aka nuna mutuwar Sara Karr, matar babban tauraron The Edge of Night, bayan mota ta buge ta tana ƙoƙarin ceton 'yarta. Kiran wayar tarho da wasiƙu da tangaraho suka yi wa tashar CBS yawa, har ta kai ga an fito da 'yar wasan, Teal Ames, a gaban kyamara domin ta shaida wa jama'a cewa tana nan da ranta, kuma ita ce ta nemi barin shirin don kanta. Shekara guda bayan haka aka sake kwatanta irin wannan, lokacin da Jeff Baker na As the World Turns ya mutu a haɗarin mota.

In son tauraro ya kai haka, to ƙinsa ma bai gaza ba. A 1960 Eileen Fulton ta fara fitowa a matsayin Lisa a cikin As the World Turns, mace mai son kai da kwaɗayin abin duniya wadda ta yi watsi da mijinta likita. Fulton ta sha ba da labarin yadda wata mata mai shigar mutunci ta tare ta a kan titin Niyok, ta tambaye ta ko ita ce Lisa, da ta amsa sai ta kai mata duka. Wasiƙun zagi da barazana sun sa an taɓa haɗa ta da mai tsaron lafiya. Ba ma sai mun yi wa matar nan dariya da yawa ba, domin ita kanta Irna Phillips, mai shirin, an san ta da kiran 'yan wasanta da sunayen taurarin da suke fitowa a madadinsu. Mu ma nan gida mun san yadda sunan wasa ke haɗiye sunan yanka. Mutum nawa ne suka san Usman Baba Pategi in ba a ce Samanja ba, ko Rabilu Musa in ba a ce Ibro ba? Masu kallon Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ma da Kamaye suka san Ɗan'azumi Baba.

A ganinmu, kuskure ne a ɗauka cewa duk mai aika wasiƙar ta'aziyyar Sara Karr bai san wasa ake yi ba. Sirrin yana cikin zubi da tsarin wasan. Littafi yana da shafin ƙarshe wanda marubuci ya riga ya rubuta kafin mai karatu ya buɗe na farko, don haka duk haushin da mai karatu zai ji ba zai canza komai ba. Wasan sabulu kuwa ana rubuta shi ne ana watsawa, tazarar da ke tsakanin alƙalami da akwatin talabijin 'yan makonni ce kawai, kuma ba a tsara shi don ya ƙare ba. Masu kallo sun fahimci haka sarai. Sun san ana karanta wasiƙunsu, ana ƙirga su, ana kai rahoto ga marubuta da masu talla. Wadda ta rubuto tana kuka da Lisa tana iya kasancewa tana jefa ƙuri'a ne a kan inda take so labari ya nufa. Daɗin daɗawa, kwanakin labarin suna tafiya tare da kwanakin mai kallo: ranar Kirsimeti a gidanta ranar Kirsimeti ce a gidan taurarin, yaron da aka haifa a labari yana girma tare da nata. Mutumin da kake gani sau biyar a mako har shekara 20, ai ya fi wasu 'yan'uwan naka kusa. Masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, sun yi rubutu a 1956 kan irin wannan zumunci mai ɓangare ɗaya, inda mai kallo ya san tauraro ciki da bai, tauraro kuwa bai san da shi ba.

Wannan amana da ke tsakani ta yi rana a wasu lokuta. A 1962 Agnes Nixon, wadda ta koyi aiki a hannun Phillips, ta rubuta labarin yadda aka gano ciwon dajin mahaifa a jikin Bert Bauer ta Guiding Light tun bai yi nisa ba, saboda gwajin da likita ya yi mata. Tashar da masu talla sun hana a ambaci sunan cutar ko sunan gwajin a fili, amma saƙon ya isa, mata suka riƙa rubutowa cewa sun je asibiti an duba su saboda abin da ya sami Bert. Sai dai ƙarfin wasiƙa wuƙa ce mai baki biyu. A tsakiyar shekarun 1970 shirin Days of Our Lives ya ƙulla soyayya tsakanin David Banning, farar fata, da Valerie Grant, baƙar fata. Wasiƙun ƙiyayya suka yi ta zuwa, a 1977 aka raba su ba tare da an kai ga aure ba. A nan ra'ayin masu kallo ya zama takunkumi a bakin marubuci.

Babu inda wannan lamari ya fi ɗaure kai kamar a labarin Luke da Laura na shirin General Hospital. A 1978 shirin yana gab da a soke shi aka damƙa shi a hannun Gloria Monty, wadda ta sa masa sauri da rikicin 'yan daba domin jawo matasa. An shigo da Luke, wanda Anthony Geary ya fito a madadinsa, da niyyar ya yi 'yan makonni a kashe shi. A watan Oktoba na 1979 aka nuna ya yi wa Laura fyaɗe, alhali tana da aurenta. Bisa al'adar irin waɗannan wasanni, hukuncinsa mutuwa ce ko kurkuku. Amma masu kallo sun ga dacewar Geary da Genie Francis, mai fitowa a Laura, suka nuna suna son ganinsu tare. Marubuta suka bi iska. Sannu a hankali aka daina kiran abin da sunansa, aka riƙa kwatanta shi da yaudara ta soyayya, har ta kai ga an ɗaura musu aure a watan Nuwamba na 1981. Mutum miliyan 30 suka kalli bikin, adadin da babu wani wasan rana a Amurka da ya taɓa samu, kafin nan ko bayan nan. Ɗalibai sun ƙaurace wa azuzuwa a jami'o'i, fitacciyar 'yar fim Elizabeth Taylor kuma, wadda ita ma mai bin shirin ce, ta fito a ciki tana tsine wa ango da amarya. Ƙungiyoyin mata sun yi tir da darasin da aka koya wa 'yan mata masu kallo, kuma muna ganin suna da gaskiya. Laifin na wa ne, marubutan da suka rufe ɓarna ko jama'ar da suka tafa musu? Sai a 1998, bayan shekara kusan 19, shirin ya koma kan maganar, inda aka sa Luke ya amsa laifinsa a gaban ɗansu Lucky.

Masu kallo ba su yarda ko tarihi ya shiga tsakaninsu da shirinsu ba. As the World Turns ake nunawa a ranar 22 ga Nuwamba 1963 lokacin da Walter Cronkite ya katse shi da labarin harbin Shugaba Kennedy, wannan kam kowa ya haƙura. Amma a 1973, da tashoshi suka ɗage wasannin rana domin nuna zaman Majalisar Dattawa kan badaƙalar Watergate, ƙorafi ya yi yawa, manyan tashoshin uku suka koma yin karɓa-karɓa wajen nuna zaman. Shari'ar O. J. Simpson ta 1995 ta yi musu illa mafi girma, domin ta shafe watanni tana cinye lokacinsu, mutane da yawa suka saba da rashinsu, ba su kuma dawo ba. Ga shi mata sun riga sun fita aikin ofis da masana'antu, tashoshin kebul sun yawaita, shirin hira kuma ya fi arha nesa ba kusa ba.

A 1970 akwai wasannin rana 19 a manyan tashoshin Amurka. Guiding Light ya rufe a watan Satumba na 2009, bayan shekara 72 tun farawarsa a rediyo a 1937, As the World Turns ya bi shi a 2010. Da tashar ABC ta ba da sanarwar soke All My Children da One Life to Live a watan Afrilu na 2011, masu kallo suka yi zanga-zanga a ƙofar ofisoshinta, suka yi gangami a intanet, har kamfanin Hoover ya janye tallarsa daga tashar don nuna goyon baya gare su. Wannan karon ƙuri'arsu ba ta ci ba. An gwada farfaɗo da shirye-shiryen biyu a intanet a 2013, ba su wuce shekarar ba. Guda huɗu suka saura, a 2022 kuma Days of Our Lives ya bar talabijin ya koma manhajar Peacock. A watan Fabrairu na 2025 tashar CBS ta fara wani sabon wasan rana mai suna Beyond the Gates, na farko da wata babbar tasha ta ƙaddamar tun 1999, labarin wani gidan attajirai baƙaƙen fata a wajen birnin Washinton. Cikin waɗanda suka haɗa hannu wajen shirya shi akwai ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, da kuma kamfanin Procter & Gamble, mai sabulun da ya ɗauki nauyin Ma Perkins a 1933.