Samarin da Aka Kai Bama

Tun daga shekarar 1863, sa'ad da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara 'yan tsirarun Hausawa a Ikko ya ɗora musu bindiga, galibinsu bayi da suka tsere wa iyayengijinsu, har zuwa 1897 da aka danƙa wa Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, Turawa sun fahimci cewa mutumin da ya fi saurin amsa kiran soja shi ne wanda Allah Ya hore wa ƙarfi a jika amma bai mallaki komai a hannu ba. Babu kuwa wanda wannan sifa ta dace da shi kamar saurayin ƙauye.

Dubi halin da yake ciki a zamanin mulkin Turawa. Yana noma a gandun mahaifinsa tun hantsi har azahar, abin da ya rage masa sai 'yar gayauna da yake taɓawa da yamma. Rumbu yana hannun maigida, aure kuma sai ranar da maigida ya ga dama, alhali ga sadaki, ga kayan aure, ga haraji da ake bin kansa tun da aka ga ya tasa. In damina ta wuce, ko ya tafi cin rani, ko ya nufi haƙar kuza a Jos. To, mai wannan hali in aka ce masa ga albashi a hannunsa shi kaɗai, ga abinci, ga kaki da jar dara da za a gan shi da su a kasuwar garinsu, wace hujja ce za ta tsare shi? Magidanci yana da iyali da gona da suke riƙe masa ƙafa, ya kuma yi jana'iza da yawa har ya san mutuwa. Saurayi kuwa labarinta kawai yake ji, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ƙari a kan haka, ya tashi yana jin maroƙa suna kirarin mazan jiya, ba ya ƙaunar sa'o'insa su kira shi rago a dandali.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai aka taɓo duk waɗannan jijiyoyi gaba ɗaya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana kawo labarin Hitila, sarakuna suna shela, ana kwasar samari zuwa Zariya koyon fareti. Wasu sun yi yaƙin Habasha a 1941, wasu da dama kuma ƙasar Bama aka kai su cikin runduna ta 81 da ta 82, suka ratsa kwarin Kaladan a 1944, suka shiga garin Myohaung a Janairun 1945, da yawansu ma ba bindiga suka riƙe ba, dakon kaya suka yi a ka cikin kurmi. Kada mai karatu ya zaci duka da son ransu suka tafi, domin inda aka yanka wa hakimi adadin da zai kawo, ba 'ya'yansa yake miƙawa ba, sai maraya da baƙo da ɗan talakan da ba shi da mai tsaya masa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da zumuɗin ƙuruciya. Ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya kawo kansa ranar Uhudu yana da shekara 14, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da shi gida, bai karɓe shi ba sai ranar Handaƙu da ya cika 15, kuma an shar'anta neman izinin iyaye in yaƙin bai zama farali a kan kowa ba. Masu ɗaukar soja na zamanin Turawa kuwa ƙirji da tsawo suke aunawa, shekaru sai abin da ido ya ƙiyasta. A ganina, alhakin waɗanda suka kwanta a dajin Bama yana wuyan dattawan da suka san yaƙi suka tura su, fiye da wuyan yaran da suka amsa.