Yaushe Aka Fara Karatu Daga Nesa?

Wani malamin firamare daga Funtuwa ya aiko da takarda yana tambaya: shin intanet ce ta kawo karatu daga nesa?

To Malam, karatun nan ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun 1840 wani Bature, Isaac Pitman, yake koyar da gajeren rubutu ta gidan waya a Ingila: ɗalibi ya aika da aikinsa, a gyara, a mayar masa. A 1971 Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta fara darussa, tana haɗa littattafai da shirye-shiryen BBC.

Mu nan, shirin UPE na 1976 ya cika azuzuwa, malamai suka yi kaɗan, sai aka kafa NTI a Kaduna. Malami na koyarwa yana nazarin kundinsa, ƙarshen mako ya je cibiya a duba aikinsa. Buɗaɗɗiyar jami'armu kuwa an kafa ta 1983, soja suka dakatar da ita 1984, sai zamanin Obasanjo ta farfaɗo.

Gardamar masana yanzu ita ce: a zuba darasi duka cikin waya, ko a bar wa takarda da rediyo gurbinsu? Ni dai ina bayan na biyun. Da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo jihohi da dama suka koma, domin ɗan ƙauye ba kuɗin data, ba wutar caji.