Rano: ƙaramin birni mai babban suna

Rano gari ne a kudancin Jihar Kano, hedikwatar ƙaramar hukuma mai wannan suna, kuma ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Matasa da yawa sun fi sanin sunan a jikin gidajen man A.A. Rano, alhali garin yana cikin tsofaffin masarautun ƙasar Hausa.

A labarin Bayajidda, wanda masana tarihi ke ɗauka a matsayin tarihin baka, 'ya'yan Bawo shida ne suka kafa sarautun Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, Biram ta cike ta bakwai. Daga nan Sarkin Rano ya samo laƙabin Autan Bawo. Labarin ya raba wa kowace ƙasa aikinta: Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Kano da Rano kuwa sarakunan baba, wato shuni. Wannan yana nuna cewa da marina da saƙa aka san yankin tun da daɗewa, sana'ar da ta kai rinannun tufafin ƙasar Kano har cikin Sahara.

Maƙwabtaka da Kano ce ta danne Rano. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci yaƙin da Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kai wa Sarkin Rano. A zamanin jihadi kuma, a Burumburum da ke wannan yanki aka kashe Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano, wajen 1807. Daga nan Rano ta zauna a ƙarƙashin Sarkin Kano sama da shekara 200.

A Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi masu daraja ta ɗaya. Magoya baya sun kafa hujja da tarihi, masu adawa suka ce an yi ne don rage ƙarfin Sarki Muhammadu Sanusi II. A batun Rano dai hujjar tarihin tana da ƙwari, ko da siyasa ce ta zaɓi lokacin. An naɗa Tafida Abubakar Ila, ya rasu a Mayun 2020, Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi.

Ranar 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun. A Yulin shekarar aka dawo da Rano, amma da daraja ta biyu a ƙarƙashin Sarkin Kano, kuma ƙananan hukumominta suka ragu daga goma zuwa uku: Rano da Bunkure da Kibiya. Gaya da Ƙaraye ma sun dawo a wannan mataki. Bichi, wadda a da Tsanyawa da Kunci da Shanono ke ƙarƙashinta, ba ta cikin waccan doka.